Ɗan marini zai iya karanta tarihin fasaha a jami'a, kuma ya ci abinci da shi?

Ɗan Karofi:

Assalamu alaikum. Shawara na zo nema, kuma na fi son wanda ya san abin ta ciki ya amsa min.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Kura, gidanmu gidan marina. Kakana da rini ya yi gida, da shi ya sauke farali. Turkuɗi yake rinawa, irin wanda Buzaye suke naɗawa, a kai shi har Agadas. Mahaifina ya gaji karofin, amma rijiyoyin da na tashi na tarar ana zuba baba da toka a cikinsu, yau mafi yawansu shara ce ta cike su. Baba ya koma noman rani, shinkafa da tumatir a bakin kanal, rinin sai in an kawo aiki na musamman. Ni kuma na yi NCE a fannin zane, ina koyarwa a ƙaramar sakandare da ke kusa da mu, da yamma in rubuta allon shaguna, in yi wa masu adaidaita sahu rubutu a baya. Ba yabo ba fallasa.

Abin da ya tayar da maganar, kwanaki na ga hoton wata babbar riga kore a shafin wani gidan tarihi na Ingila. Bayanin da aka yi mata bai wuce layi biyu ba: ta Hausawa ce, daga arewacin Nijeriya, ƙarni na 19, ba a san wanda ya yi ta ba. Na kai wa Baba wayar yana zaune a zaure bayan la'asar. Ya sa na buɗa masa hoton, ya daɗe yana dubawa. Sai ya ce in kalli yadda layukan saƙar suke sirara, wannan ba rigar talaka ba ce, don yawan layi shi ne tsada. Ya ce baƙin nan ba tsomi ɗaya ba ne, an yi ta mayar da ita rijiya, kuma ƙyallin aikin mabuga ne, da shuni aka buga ta. Ya nuna min inda launin ya ɗan koɗe a kafaɗa, wajen da mai ita yake naɗe hannunta. Daga nan ya lissafa da yatsa: mai kaɗi, masaƙi, maɗinki, malamin da ya zana askar, marini, mabugi. Ya ce, “Mutum shida sun ci abinci a rigar nan, su kuma sun ce ba su san wanda ya yi ba.”

Tun daga ranar nake jin wannan shi ne karatun da nake so, a duba abin da hannu ya yi a gano tarihinsa. An ce min ana yinsa a Zariya. Shin fanni ne mai zaman kansa, ko dole sai ka bi ta zane da sassaƙa? Domin nan ne matsalata ta biyu take. Baffana limamin unguwarmu ne, kuma da ya ji maganar cewa ya yi shi dai abin da ya sani ana yi a wannan sashe gumaka ne, ya gan su jere a harabar da idonsa lokacin da ya kai ɗansa. Baba bai hana ba, tambayarsa ɗaya ce: in na gama, wa zai ɗauke ni aiki? Ina da mata da ɗa guda, ba zan iya wasa da shekara uku ba.

Tsohon ɗan Samaru:

Wa alaikumus salam, ƙanena. A Zariya na yi nawa karatun, a wannan sashen da kake tambaya, yanzu ina koyarwa a wata kwalejin ilimi.

A digirin farko ba za ka shiga ka zauna kana karanta tarihi zalla ba. A Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) sashen zane da sassaƙa ake shiga, yana tsangaya ɗaya da masu zanen gine-gine, kuma tarihin fasaha reshe ne a cikinsa, tare da fenti da sassaƙa da koyar da fasaha. Da farko kowa yana taɓa komai, zane da fensir, haɗa launi, yumɓu, sai an yi nisa ake rabuwa kowa ya kama reshensa. Tunda kana da NCE, ta DE, wato shiga kai tsaye, za ka nema, ka fara daga aji biyu. Rini da saƙa da tangaran kuma suna wani sashe maƙwabcinsa, na ƙirar kayan masana'antu. Sharuɗɗan shiga suna canzawa, don haka ka duba kundin JAMB na bana da idonka, kar ka dogara da bakina.

Sashen ya girmi jami'ar. An dawo da karatun zane Zariya daga Ibadan a 1955, lokacin wurin kwaleji ne, jami'ar kuwa sai 1962. A 1958 wasu ɗalibai, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suna cewa ba za su ƙare a kwaikwayon Turawa ba, sai sun haɗa abin da aka koya musu da abin da suka baro a gida. Uche Okeke ya koma wa zanen uli na matan Ibo. Za ka ji labarin nan har ya ishe ka. A tsakiyar ƙasar Hausa aka yi shi, amma cikin sunayen da na lissafa maka babu Bahaushe.

Za a bi da kai ta Masar ta dā, da Girka, da Italiya zamanin su Leonardo da Michelangelo, har a zo kan Picasso da ya ga sassaƙen Afirka a Paris wajen 1907 ya sauya salonsa. A gida Nok ne farko, kawunan yumɓun nan da masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928 a kudancin Kaduna ta yanzu, Bernard Fagg ya bi diddiginsu daga 1943, aka gano sun haura shekara 2,000. Sai Igbo-Ukwu na ƙarni na 9, da Ife, da tagullar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, waɗanda Jamus ta fara dawo da na hannunta a ƙarshen 2022. Sai na zamani, su Aina Onabolu da Ben Enwonwu.

Ka lura ban ambaci riga ko karofi ba. Rabon ƙasar Hausa a littattafan kaɗan ne, kuma akwai dalili. Waɗanda suka kafa fannin a Turai sun ɗora sassaƙa da fenti a sama, abin da mutum ɗaya ya yi ya sa hannu, sai suka tura rini da ɗinki da dukanci gefe a matsayin sana'ar hannu. Mu kuwa a nan muka zuba gwanintarmu: a wuyan riga, a fuskar soro, a sirdi, a allo. Akwai waɗanda suka duba namu da gaske. David Heathcote ya koyar a Zariya, ya yi aiki mai yawa kan ɗinkin riguna da huluna, irin su aska takwas da aska biyu, har ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya yi digirinsa na uku kan rinin ƙasar Kano a ƙarni na 19, kuma ba za a yi wannan zance a tsallake garinku ba. Dmochowski, wani mai zanen gine-gine ɗan Poland, ya auna gine-ginenmu na ƙasa, har aka sake gina kwatankwacin wasu a Jos, ciki har da masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Baƙi ne, sun yi ƙoƙari, amma sai da suka koyi harshen sannan suka nemi a yarda da su. Kai a zaurenku masanin yake zaune.

To me jami'a za ta ƙara maka? Tarbiyyar kallo da kafa hujja. Malaminmu yakan haska hoto a bango ya ce kowa ya faɗi abin da yake gani kawai, ba a yarda ka ce “yana da kyau” ba. Girmansa nawa, da me aka yi, ina aka fara, ina aka gyara. Sai a kawo na biyu a jera a ce mene ne bambancin, wanne ya riga wanne, da wace shaida. Abin da mahaifinka ya yi wa rigar nan rabin aikin ne, kuma shi ne rabin da ya fi wuyar samu. Ɗaya rabin takardu ne. Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851 ya rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a nan suke kaiwa Tarabulus da Tumbuktu. Akwai harajin da ake kira kuɗin karofi, shi ya sa jami'an Turawa da suka zaga gundumomi suna ƙiyasin haraji sukan ƙirga rijiyoyin rini, kuma irin waɗannan rahotanni suna ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna. Ka haɗa wannan da abin da tsofaffin garinku suke tunawa, ka ga kundin kammala digiri da ba kwafe ba.

Saura ɗacin. Karatu ne mai yawa da Turanci mai nauyi, in ba ka son zama da littafi kar ka fara. Kayan aiki suna cin kuɗi a shekarun situdiyo, takarda da fenti da allon zane duk daga aljihunka. Aiki kuwa, mafi yawanmu koyarwa muke. Akwai hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke riƙe da Gidan Makama, akwai hukumar tarihi da al'adu ta jiha a Gidan Ɗan Hausa, amma ba kullum ake ɗauka ba. Gidajen sayar da zane suna Legas da Abuja. Wanda yake son ya zama lakcara sai ya ƙara digiri na biyu da na uku. Ka faɗa wa Baba haka ba tare da kwaskwarima ba.

Mai shago a Kwari:

Malam, ni ban yi boko mai zurfi ba, amma yadi nake sayarwa tun ina yaron shago. Abin da ya rufe rijiyoyinku ba rashin masu rubuta tarihi ba ne. Shadda ce daga Austria da China, da rinin bature na gwangwani da mace za ta yi a baho cikin awa ɗaya. Masaƙun Sharaɗa da Bompai da Challawa ma, masu injina da ma'aikata, sun durƙushe, balle karofi. Ka je ka yi shekara uku ka dawo da kwali, rijiyar tana nan da shararta.

Kana da hannu, kana da iyali. Kuɗin da za ka kai Zariya ka sayi kwamfuta da shi, ka koyi haɗa fosta da katin biki da tambarin buhun shinkafa. Garinku cike yake da masu injin casa, kowa yana son buhunsa ya fi na wani kyau. Ga zaɓe kullum yana tafe. Tarihin kuma ka riƙa yi da daddare, ba wanda ya hana ka. Ba hassada nake ba, na ga masu digiri da yawa sun zo suna neman tsaron shago.

Malama daga Birnin Kudu:

Alhaji mai shago ya faɗi gaskiyarsa, amma ɗan'uwa bai ce zai je ya farfaɗo da karofi ba, cewa ya yi yana son ya san tarihinsa ya rubuta. Kuma mai koyarwa da NCE da mai koyarwa da digiri ba matakinsu ɗaya ba a albashi, wannan ma lissafi ne.

Ni ta wata ƙofa na shiga, shi ya sa na ce bari in sa baki. Hausa na karanta, ɓangaren al'ada, kuma kundina a kan jeren ɗakin amarya na yi shi. Ban taɓa yumɓu ba, ban zana kowa ba. Na zauna da tsofaffi a ƙauyukanmu suka ba ni labarin yadda jere ya tashi daga ƙore da faya-faye, ya koma tasoshi, ya koma kwanukan langa da fanteka masu fure da ake jerawa har kusa da rufi, zuwa durowar gilashi ta yau da ake cika ta da tangaran. Ɗakin kakata har yanzu yana nan da nasa. Kwano babba a ƙasa, ƙanana a kansa, murfi yana kallon mai shigowa don a ga furen, kuma ba a taɓa cin abinci a ko ɗaya ba. Da na tambaye ta amfaninsu, sai ta ce shekarar da aka yi fari ta sayar da layi guda ta sayi hatsi. Ado ne, shaida ce ta gatan da aka yi mata, kuma asusu ne. Duk wanda ya shiga ɗakin a zamaninta zai iya karanta wannan ba sai an yi masa bayani ba. Irin wannan shi ma ana nazarinsa a jami'a yanzu, ba sai abin da ke gidan tarihi ba: rubutun da kake yi a bayan adaidaita sahu, zanen jikin manyan motoci, fostar fim, lalle, launin hula a siyasa. A Bayero, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe yana rubutu kan finafinan Hausa da al'adun zamani. Don haka ka leƙa sashen Hausa, da na tarihi, da na aikin jarida, da na binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa a Zariya, kafin ka yanke.

Amma in gaya maka abin da yake ci min rai. A garinmu akwai zane a jikin duwatsu, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa da wasunsu. Shanu ne aka zana da ja da fari da baƙi, kuma marasa tozo, ba irin waɗanda Fulaninmu suke kiwo yau ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya tsaya ya yi tambaya. Kusa da su akwai duwatsu masu ƙara in an buga su, tsofaffi suna ba da labarin yadda ake kai amare wurin a dā. Fagg ɗin nan da Malam na Samaru ya ambata shi ne ya rubuta a kansu a shekarun 1950, kuma yanzu suna cikin wuraren tarihi na ƙasa. Na kai 'yan ajina wurin, yara haifaffun garin, mafi yawansu ranar suka fara gani. Wata ta tambaye ni ko Turawa ne suka zana.

Akwai gwajin da nake yi musu a aji, kai ma ka gwada da naka ɗaliban. In ciro naira ashirin in ce wace ce matar da ke baya tana ginin tukunya? Shiru. Ladi Kwali ce, Bagwariya mai ginin tukwane, ta shiga makarantar tangaran ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954, ABU ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Kullum tana aljihunsu. A juya naira goma, ga matan Fulani da ƙoren nono. Wa ya zaɓi waɗannan hotuna, me ake so mu ɗauka game da ƙasar? Daga nan sai ajin ya kaure da musu, har masu barci su tashi.

Ƙorafina da mazan da suke rubutu a wannan fanni shi ne suna tsayawa a zaure. Kaɗi, da kitso, da saƙar faifai, da ɗinkin hula duk a cikin gida ake yi. In ka tashi naka binciken ka sa matarka ko wata gwaggonka ta shiga ta tambayo maka masu kaɗin, tunda da su mahaifinka ya fara lissafinsa.

Gardi daga ƙasar Haɗeja:

Salamun alaikum. Ni ba ɗan jami'a ba ne, a tsangaya na tashi, kuma rubutun Alƙur'ani da zayyanar allo su ne sana'ata. Maganar Baffa ce ta sa na tsaya.

Kar ka raina maganarsa, tana da asali. Hadisan da suka yi gargaɗi ga masu yin sura suna cikin Buhari da Muslim. Abin da na karanta a wurin malamaina na Malikiyya shi ne an bambanta tsakanin sura mai jiki, wadda take da inuwa, ta abu mai rai kuma cikakkiya, wannan ita ce aka hana, da zane a kan takarda ko bango, wanda hukuncinsa ya fi sauƙi. Bishiya da gini da zayyana ba magana a kansu. Wasu malaman sun fi haka tsanantawa. Kallon abin da mutanen dā suka yi don sanin tarihinsu kuma daban ne da ƙera shi. Ni ba mai fatawa ba ne, Baffanka ya fi ni sanin inda zai duba. Ka je masa da ladabi, da cikakken bayanin abin da za a sa ka yi da hannunka, ba da musu ba.

Sannan ka nuna masa cewa abin da ke cikin gafakarsa ma yana cikin wannan karatu. Mu da muke rubutawa mun san baƙar tawada ta jikin harafi ce, ja ta wasali, rawaya ta hamza, kuma kowace da alƙalaminta. Mun san alamar hizbi da nisfi da rubu'i da sumuni a gefen shafi, kowane marubuci da irin tasa, har in na ga shafi nakan gane hannun gabas ne ko na Kano. Ba ma ɗinke takardun, a ƙasan shafi ake rubuta kalmar da za ta buɗe na gaba don kar su rikice, a sa a tadarishi a ɗaure. Ana yin babbar zayyana a farko da wajen da aka raba Alƙur'ani kashi huɗu. Duk wannan a hannu muka gada. Marigayi Sharif Bala Gabari na Kano, ai rubutunsa har bugawa aka yi, yana masallatai da yawa.

Amma akwai abin da ban sani ba sai da wani mai bincike ya zo wurin malaminmu. Ya nemi izini, ya yi alwala, ya ɗaga takarda ɗaya daga wani tsohon Alƙur'ani na gidan ya saita ta da hasken ƙofa. Sai ga jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar. Ya ce tambarin masu yin takarda ne na ƙasar Italiya, ta hamada fatake suke kawo ta, kuma da irin wannan ake ƙiyasta shekarun littafi. Malam ya yi shekaru yana karatu a cikinsa bai taɓa ɗaga shi haka ba. Shi kuma baƙon bai iya bambance hannun marubuta biyu da suka yi aikin ba, sai Malam ne ya nuna masa inda na farko ya tsaya na biyu ya ɗora.

Ɗan Karofi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Allah gafarta Malam na Haɗeja, na karanta wa Baffa amsarka daga farko har ƙarshe. Bai ce na'am ba, bai ce a'a ba. Ya tashi ya ɗauko nasa na gado ya ɗaga takarda a bakin taga, bai ga wata ba, ya ce wataƙila nasa bai kai wancan tsufa ba. Sharaɗinsa dai shi ne kar in gina surar mutum ko dabba da hannuna.

Alhaji mai shago, maganar buhun shinkafa ta shige ni, ban taɓa kawo ta ba. Ko na tafi ko ban tafi ba zan nemi kwamfutar.

Na fara ɗaukar muryar Baba da waya da daddare. Jiya a kan katsi ya yi magana, laka ɗin nan da ke taruwa a ƙasan rijiya. Ya ce a dā ba a zubar da ita, ana ƙona ta a daka, magina su haɗa da gashin jima da dafara su yi laso, da shi ake shafe cikin rijiyar kanta da rufin soro don kar ruwa ya shiga. Wato marini da majemi da magini duk a jingine suke da juna, da rini ya ja baya sai laso ma ya yi wuya. Ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba sai da na tambaya.

Yaya na Samaru, ka faɗa min gaskiya kan sharaɗin Baffa, zai yiwu a sashenku? Kuma aikina fa, in ajiye ko akwai dabara?

Tsohon ɗan Samaru:

Ba zan rufe ka ba. Zanen surar mutum a takarda yana cikin darussan da ba a tsallakewa, a zamaninmu dai haka ne, ana zaunar da mutum a gaba kowa ya zana shi. A yumɓu kuma ya danganta da aikin da malami ya bayar, na ga ɗalibai Musulmi da suka nemi a bar su su yi siffofin da ba na mai rai ba aka bar su, amma ba zan yi maka alkawari da bakin wani ba. Ka shiga mota ka je sashen kafin ka sayi fom, ka nemi malamin da ke kula da reshen tarihi, ka tambaye shi ƙarara. Ka leƙa sashen ƙirar kayan masana'antu ma, ɓangaren yadi. Ɗan marini a can ba baƙo ba ne, kuma za ka iya yin digiri na biyu a tarihin fasaha daga baya. Shawarar Malama ta sashen Hausa ita ce mafi sauƙi wajen Baffa, kuma Kano ta fi kusa da iyalinka.

Aiki kar ka ajiye. Ka nemi hutun ƙaro karatu a rubuce ta hannun shugaban makarantarku, tun kafin sunaye su fito, ka riƙe kwafin kowace takarda.

Ɗaukar muryar nan ka ci gaba da ita, amma ka yi ta da tsari. A farkon kowace ka faɗi ranar da wurin da sunan mai magana. Ka nemi izininsa. Ka ɗauki hoton kowace rijiya, har waɗanda aka cike, ka aza ma'auni a bakinta don a san faɗinta, ka rubuta ta wane ce. Ka nemi mabugan da suka rage kafin ka nemi kowa, su ne suka fi ƙaranci. Kuma ka tura komai wani wuri ban da wayar, waya faɗawa ruwa take yi.

Mai shago a Kwari:

To ai shi ke nan, kun rinjaye ni. Amma Malam, in Baba zai kafa rijiya ɗaya don ka ɗauki hoton aikin daga farko, kar a rina tsumma. A rina turkuɗi na gaske guda biyu, a buga shi sosai, ka kawo min shago. Akwai mutanen Nijar da suke sauka a layinmu, ina so in ji nawa za su taya.